Peyton Rous (1879–1970): Rayuwarsa, Rubuce-rubucensa da Jinkirin Tasirinsu a Binciken Ciwon Daji

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Francis Peyton Rous, masanin cututtuka ɗan ƙasar Amurka, wanda ya nuna a shekarar 1911 cewa bairos yana iya haddasa ciwon daji, amma bai sami Lambar Nobel a kan wannan aiki ba sai a 1966. An bi ayyukansa daki-daki bisa jerin shekaru, sannan aka ɗora su a kan ma'aunan da ake kimanta masu bincike da su a yau, wato yawan maƙalu da yawan ambaton da suke samu. Maƙalar ta gano cewa mafi nauyin gudummawarsa na cikin irin ayyukan da ƙidayar ambato ta ɗan gajeren lokaci ba ta iya gani.

1.0 Gabatarwa

A yau, idan za a ƙara wa malamin jami'a girma ko a ba shi tallafin bincike, abu na farko da ake dubawa shi ne jerin maƙalun da ya wallafa, da kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su a nasu rubuce-rubucen. Wannan kafa hujja shi ake kira ambato. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara ambato a kundi guda a 1955, kundin kuma ya fara fitowa a kai a kai daga 1964. Daga nan aka sami ma'aunin tasirin mujalla, wanda yake ƙirga ambaton da maƙalun shekara 2 da suka gabata suka samu a shekarar da ake ciki. A 2005 Jorge Hirsch ya ƙaro ma'aunin h: mai bincike yana da h na 20 idan yana da maƙala 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20.

Waɗannan ma'aunai sun ginu a kan zaton cewa masana suna gane aiki mai daraja da wuri. Rayuwar Peyton Rous ta zama zakaran gwajin dafi ga wannan zato, domin shekara 55 ce ta raba maƙalarsa mafi muhimmanci da lambar yabon da ta jawo masa.

2.0 Haihuwa, Tasowa da Karatu

An haifi Rous ranar 5 ga Oktoba, 1879, a Baltimore ta jihar Maryland. Mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne, ya rasu Rous yana ɗan shekara 11, ya bar mahaifiyarsa da ƙananan 'ya'ya 3 da ɗan abin hannu kaɗan. Danginta suna jihar Texas, kuma komawa wurinsu zai fi mata sauƙi. Sai ta zaɓi zama a Baltimore saboda makarantun garin. A nan Rous ya shiga Jami'ar Johns Hopkins, ya sami digirin farko a 1900. Tun yana ɗalibi yake rubuta wa wata jaridar garin bayani a kan furannin daji na yankin, kuma wannan sabo da alƙalami ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

A shekararsa ta biyu a makarantar likitanci, ya yanke yatsa da ƙashin wata gawa mai ɗauke da tarin fuka yayin binciken gawar. Cutar ta kama yatsan, ta haura zuwa kaluluwar hammata, har sai da aka yi masa tiyata. Ya dakatar da karatu na shekara guda, ya tafi Texas ya yi aikin kiwon shanu a gandu har ya murmure. Ya dawo ya kammala digirin likitanci a 1905.

Bayan ya yi aikin sanin makama a asibitin jami'ar, ya fahimci cewa duba marasa lafiya ba shi ne fagensa ba. Ya koma fannin nazarin illar da cuta take yi wa sassan jiki, ya zama malami a Jami'ar Michigan ƙarƙashin Aldred Warthin. A 1907 ya je birnin Dresden na Jamus ya ƙaro ilimin wannan fanni. A 1909 Simon Flexner, shugaban Cibiyar Binciken Likitanci ta Rockefeller da ke New York, ya ɗauke shi aiki ya damƙa masa ɗakin gwaje-gwajen ciwon daji. A wannan cibiya ya zauna har shekara 60.

3.0 Kazar 1909 da Maƙalar 1911

Bai daɗe da kama aiki ba aka kawo cibiyar wata kaza, nau'in Plymouth Rock, mai babban ƙari a ƙirji. Rous ya duba ƙarin a madubin ganin ƙananan halittu, ya tabbatar sankara ce ta tsoka da jijiyoyin haɗi, irin wadda ake kira sakoma. Ya yanki ƙananan gutsattsari ya dasa wa wasu kaji. Da farko dashen ya kama ne kawai a jikin kajin da suke da dangantakar jini da kazar ta asali, amma da aka ci gaba da dasawa daga kaza zuwa kaza, ƙarin ya ƙara ƙarfi har yana kama kajin da ba danginta ba. Ya wallafa wannan sakamako a 1910 a mujallar cibiyar, Journal of Experimental Medicine.

Mataki na biyu shi ne ya ɗaukaka sunansa. Ya niƙa ƙarin, ya dama shi da ruwan gishiri, sannan ya tace ta cikin matacin Berkefeld, wanda ƙofofinsa suka yi ƙanƙantar da tantanin halitta ko bakteriya ba za su iya ratsawa ba. Ya yi wa lafiyayyun kaji allurar ruwan da aka tace, sai ga irin ƙarin nan ya tsiro a jikinsu. Ma'anar wannan ita ce akwai wani abu a cikin ƙarin, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta, da yake iya mayar da lafiyayyen tantani ya zama na sankara. Maƙalar ta fito a wannan mujalla a 1911, Rous yana da shekara 31. Ya yi taka-tsantsan wajen zaɓen kalmomi, bai yi gaggawar kiran abin bairos ba. A shekarun da suka biyo baya, shi da abokan aikinsa, ciki har da James Murphy, sun gano wasu nau'o'in ƙarin kaji da ake iya yaɗawa ta wannan hanya.

4.0 Yadda Masana Suka Karɓi Aikin

Masana sun karanta maƙalar, sun kuma tattauna ta, amma mafi yawansu ba su yarda cewa tana da alaƙa da ciwon dajin ɗan Adam ba. Dalilansu suna da tushe a ilimin wancan zamani. Likitoci sun san cewa ciwon daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kamar kyanda ko agana, saboda haka danganta shi da ƙwayar cuta ya saɓa wa abin da suke gani a asibiti. Wasu suka ce abin da ya tsiro wa kajin kumburi ne kawai da jiki ya yi don yaƙar cuta. Wasu suka ce ƙananan tantanai ne suka sulale ta mataci. Wasu kuma suka ce tsuntsu daban, ɗan Adam daban. Tun a 1908 Vilhelm Ellermann da Oluf Bang na ƙasar Denmak suka yaɗa sankarar jini tsakanin kaji da tataccen ruwa, amma a lokacin ba a lissafa wannan cuta cikin ciwon daji, don haka nasu aikin ma bai yi tasiri ba.

Hankalin masana ya karkata wani wajen. A 1915 Katsusaburo Yamagiwa da Koichi Ichikawa a Japan suka haddasa sankara ta hanyar shafa wa kunnuwan zomaye kwalta na tsawon watanni, lamarin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa sinadarai ne tushen cutar. Lambar Nobel ta 1926 kuwa ta tafi ga Johannes Fibiger na Denmak, wanda ya yi da'awar cewa wata tsutsa da kyankyasai suke ɗauka tana jawo sankarar ciki ga ɓeraye. Daga baya bincike ya rushe da'awar, ya nuna cewa ƙarancin sinadarin bitamin A a abincin ɓerayen yana da hannu a illar da ya gani. Tun daga wancan lokaci aka riƙa gabatar da sunan Rous ga kwamitin Nobel, ana tsallake shi.

Rous ya yi ta ƙoƙarin samun irin wannan ƙwaya a ƙarin ɓeraye, bai dace ba. A 1915 ya ajiye binciken ciwon daji, ya kuma yi kusan shekara 20 bai koma masa ba. A wannan shekara ce ya auri Marion de Kay, suka haifi 'ya'ya mata 3. Ɗaya daga cikinsu ta auri Alan Hodgkin na Ingila, wanda ya sami Lambar Nobel a 1963, shekara 3 kafin surukinsa.

5.0 Ayyukan Tsakanin 1915 da 1934

Yaƙin Duniya na Ɗaya yana ci, sojoji suna mutuwa saboda zubar jini, kuma babu hanyar adana jini don a ƙara wa wanda ya jikkata. Rous da J. R. Turner suka haɗa wani ruwa na sinadarin sitiret, mai hana jini daskarewa, da sukarin gulukos, mai ciyar da jajayen tantanan jini. Suka wallafa sakamakon a 1916, inda suka nuna cewa jini yana iya yin makonni a ajiye cikin sanyi ya kuma yi amfani. A 1917 Oswald Robertson, wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen Rous, ya kai wannan dabara fagen daga a Faransa, ya kafa ma'ajiyar jini da ake ɗauka a matsayin ta farko a duniya. Ruwan adana jini da asibitoci suke amfani da shi a yau jikan wannan haɗi ne.

A 1916 ɗin dai, shi da F. S. Jones suka bayyana yadda ake amfani da sinadarin tiripsin wajen rarrabe tantanai daga nama domin a rene su ɗaya bayan ɗaya a faranti. Wannan dabara ta zama aikin yau da kullum a kowane ɗakin renon tantanai. Bayan yaƙi ya shafe shekaru yana nazarin hanta da maɗaciya, ya nuna yadda maɗaciya take tsotse ruwa daga ɗacin da hanta take fitarwa har ya yi kauri.

Ko da yake ya bar kazarsa, wasu ba su bar ta ba. A ɗakin gwaje-gwajen Murphy, wani matashi ɗan Beljiyam mai suna Albert Claude ya duƙufa wajen ware ƙwayar da ke cikin ƙarin ta amfani da injin juyi mai tsananin gudu. A cikin wannan nema ya ƙirƙiro hanyar rarrabe sassan cikin tantani, aikin da ya zama ɗaya daga cikin tubalan ilimin tantanin halitta na zamani, ya kuma ba shi Lambar Nobel a 1974.

6.0 Komawa Fage

A 1933 Richard Shope, abokin aikinsa a Rockefeller, ya gano bairos ɗin da yake haddasa wa zomayen daji na Amurka wasu tsiro masu tauri a fata, dangin abin da Hausawa suke kira tusar jaki. Shope ya miƙa wa Rous wannan bairos domin ya bincika alaƙarsa da sankara. A 1935 Rous da Joseph Beard suka nuna cewa tsiron yana rikiɗewa ya zama sankarar fata a jikin zomayen gida. Wannan karon dabba ce mai shayarwa, saboda haka uzurin cewa abin na tsuntsaye ne ya fara raunana.

Tare da John Kidd da William Friedewald, Rous ya ci gaba da gwada yadda kwalta da bairos suke taimakon juna. Daga nan ya fito da bayanin cewa ciwon daji yana samuwa ne hawa-hawa. Akwai matakin dasa tushe, inda tantani yake samun wani sauyi na dindindin amma ya kwanta shiru. Akwai kuma matakin ingizawa, inda wani abu daban, ko da rauni ne a fata, yake tayar da shi ya fara hayayyafa. Maƙalarsa da Friedewald ta 1944 ita ce ta kafa waɗannan kalmomi biyu a fannin. Ya yi ritaya a hukumance a 1945, amma ya ci gaba da zuwa ɗakin gwaje-gwaje har shekara 25 bayan haka.

7.0 Aikin Edita

Kusan rabin ƙarni Rous ya yi yana cikin editocin Journal of Experimental Medicine, tun daga farkon shekarun 1920 har zuwa ƙarshen rayuwarsa. An san shi da bin rubutu jimla bayan jimla, yana soke duk da'awar da ta zarce hujja, yana mayar wa marubuta, manya da ƙanana, da takardunsu cike da gyara. Ta hannunsa maƙalar Oswald Avery da Colin MacLeod da Maclyn McCarty ta 1944 ta bi, wadda ta nuna cewa DNA ne yake ɗauke da bayanan gado. Sunan edita ba ya fitowa a jerin marubuta, kuma babu kundin da yake ƙirga masa ambato.

8.0 Farfaɗowar Maƙalar 1911

Hujjoji suka riƙa taruwa sannu a hankali. A 1936 John Bittner ya gano wani abu a nonon ɓeraye da yake gadar da sankarar mama. A 1951 Ludwik Gross ya ware bairos mai jawo sankarar jini ga ɓeraye. A 1958 Howard Temin da Harry Rubin, a Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, suka samar da hanyar ƙirga ƙarfin bairos ɗin Rous a faranti: a zuba shi a kan tantanan ɗan tayin kaza, a ƙirga tarin tantanan da suka rikiɗe. Da wannan dabara, abin da a da sai an jira makonni a jikin kaza ya koma gwajin da ake aunawa da alƙaluma cikin kwanaki. A 1964 kuma Anthony Epstein da Bert Achong da Yvonne Barr suka ga bairos a tantanan wata sankara da take kama yara a yankunan Afirka masu zafi da ruwan sama, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Wannan shi ne bairos na farko da aka danganta da ciwon dajin ɗan Adam.

Rous ya sami lambar Lasker a 1958. A 1966, yana da shekara 87, aka ba shi Lambar Nobel tare da Charles Huggins. Ya rasu a New York ranar 16 ga Fabrairu, 1970, yana da shekara 90, kuma ciwon daji ne ya yi ajalinsa.

Mafi girman amfanin aikinsa ya bayyana ne bayan rasuwarsa. A watan Yunin 1970 Temin da Satoshi Mizutani, da kuma David Baltimore a nasa ɓangaren, suka ba da rahoton wani inzayim da yake kwafe RNA ya mayar da shi DNA, kuma an same shi a bairos ɗin Rous. Wannan inzayim shi ne abin da magungunan farko na cutar ƙanjamau suka yi wa tarko. A 1976 Dominique Stehelin da Harold Varmus da Michael Bishop da Peter Vogt suka nuna cewa ƙwayar gadon da take ba bairos ɗin ikon haddasa sankara, wadda ake kira src, asalinta ta lafiyayyen tantanin kaza ce, bairos ɗin ya ɗauko ta ne ya gurɓata ta. Wannan ya buɗe ido cewa tushen ciwon daji yana cikin ƙwayoyin gadonmu, idan suka sami tangarɗa. A 1980 Tony Hunter da Bartholomew Sefton suka gano cewa furotin na src yana liƙa fosfet a kan sinadarin tairosin na wasu furotin. Dangin waɗannan inzayim su ne magunguna irin imatinib, wanda aka amince da shi a 2001 don wani nau'in sankarar jini, suke toshewa. Temin da Baltimore sun sami Lambar Nobel a 1975, Bishop da Varmus a 1989. Dangin bairos ɗin Shope kuwa su ne Harald zur Hausen ya danganta da sankarar bakin mahaifa, aikin da ya kai ga allurar rigakafin da Nijeriya ta shigar cikin jadawalinta a watan Oktoban 2023.

9.0 Rous a Kan Ma'aunin Ambato

Idan aka ɗora wannan tarihi a kan ma'aunan yau, za a ga giɓi ta fuskoki dabam-dabam. Maƙalar 1911 ta jira kayan aikin da za su fassara ta: renon tantanai a faranti, madubin lantarki, da sanin tsarin DNA. Ma'aunin da yake duba shekara 2 kacal ba shi da hanyar bambance irin wannan aiki da aikin da ba shi da amfani. Anthony van Raan ya yi nazarin maƙalun da suke daɗewa a kwance kafin a farga da su a 2004, ya nuna cewa lamari ne da ake iya ganowa a kundayen ambato, amma sai bayan ya riga ya faru.

Ayyukansa na adana jini da rarrabe tantanai sun gamu da wata ƙaddara daban. Sun shiga aikin yau da kullum har aka daina tuna mai su. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana wannan hali, inda karɓuwar aiki gaba ɗaya take shafe sunan wanda ya yi shi. Wanda yake zuba tiripsin a faranti yau ba ya ambaton Rous da Jones. Akasin haka ma yana faruwa: ƙididdigar da mujallar Nature ta wallafa a 2014 ta nuna cewa maƙalar Oliver Lowry ta 1951 kan auna furotin ce ta fi kowace samun ambato, fiye da sau 300,000, alhali maƙalar Watson da Crick ta 1953 kan tsarin DNA ba ta shiga 100 na farko ba.

Akwai kuma fuskar da ba ta yi wa Rous daɗi ba. A 1959, lokacin da sunansa ya kai ƙololuwa, ya wallafa maƙala a Nature yana watsi da ra'ayin cewa sauyi a ƙwayoyin gadon tantani ne yake jawo ciwon daji, ya kuma maimaita wannan matsayi a laccarsa ta Nobel. Masana sun saurare shi saboda girmansa. Shekara 10 bayan laccar, bairos ɗinsa ne ya ba da hujjar da ta tabbatar da ra'ayin da ya ƙi. Wato an yi masa gardama a lokacin da yake kan daidai, an kuma girmama maganarsa a lokacin da ya kauce. Ƙidayar ambato tana nuna wanda ake magana a kansa, amma ba ta rarrabe ambaton yarda da na suka, balle ta tantance gaskiya.

10.0 Kammalawa

Tarihin Rous bai soke amfanin ƙidayar ambato ba. Tana taimakawa wajen ganin inda hankalin masana ya karkata a wani lokaci, kuma ta fi son rai da alfarma adalci. Abin da tarihin ya nuna shi ne iyakarta. Masu sanarwar San Francisco ta 2012 kan kimanta bincike sun yi kira da a daina amfani da ma'aunin tasirin mujalla wajen yanke hukunci a kan mutum guda, a koma karanta abin da ya rubuta. Abin da ya raya maƙalar 1911 har ta kai zamanin da zai fahimce ta shi ne ingancin gwajin: an bayyana hanyar dalla-dalla, duk wanda ya maimaita ya sami abin da aka samu, kuma marubucin bai faɗi abin da ya wuce hujjarsa ba. Kwamitin da zai auna matashin mai bincike a yau yana iya duba waɗannan siffofi tun ranar da maƙala ta fito, ba sai ya jira shekara 55 ba.